Kwabo Ɗaya a Mako: Yadda Ajin Wesley Ya Reni Almajirai



Umarnin da Ubangiji ya bar wa almajiransa a Matiyu 28:19-20 yana da gaɓa biyu. Akwai fita a kai bishara a yi wa masu tuba baftisma, akwai kuma koya musu yin biyayya da dukan abin da ya umarta. Gaɓar farko ana iya ganin amfaninta cikin mako guda na taron falkaswa. Ta biyun kuwa shekaru take ci, ba ganga, ba lasifika, shi ya sa sau da yawa ita ake bari a baya. Duk wanda ya daɗe a zumuntar matasa ya san yadda abin yake. A daren ƙarshe na taro mutane su fito gaba da hawaye, a rubuta sunayensu, a yi musu addu'a. Kafin damina ta zagayo, idan aka ɗauko takardar, sai a rasa wanda zai iya faɗin inda yawancinsu suke.

Wannan damuwa ba a kanmu ta fara ba. Kusan shekara 300 da suka wuce, wani fasto a Ingila mai suna John Wesley ya yi fama da ita, hanyar da shi da mutanensa suka bi kuma ta isa mu zauna mu dube ta. Ko a wace ikkilisiya kake sujada, akwai abin ɗauka a tarihin nan.

Wa'azi a fili

An haifi John Wesley a 1703 a garin Epworth, ɗan fasto ne na ikkilisiyar Angilikan, shi ma kuma fasto ya zama bayan karatu a jami'ar Oxford. Ya yi shekaru yana ƙoƙarin faranta wa Allah rai da azumi da tsare-tsare, har ya je aikin mishan a Jojiya ta ƙasar Amurka, ya dawo da karyayyar zuciya. Sai a daren 24 ga Mayu, 1738, a wani ƙaramin taro a titin Aldersgate na birnin Landan, ya sami tabbacin cewa Kristi ya ɗauke zunubansa, ta wurin bangaskiya kaɗai.

A lokacin, talakawan Ingila da yawa ba sa taka ƙofar majami'a. Masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da birnin Bristol, suna cikin waɗanda aka yi watsi da su. Abokin Wesley, George Whitefield, ya riga ya fara yi musu wa'azi a fili, shi ne kuma ya kira Wesley ya zo ya karɓi aikin. Abin ya yi wa Wesley nauyi, don a ganinsa na dā wa'azi a wajen majami'a kusan zunubi ne. Duk da haka, ranar 2 ga Afrilu, 1739, ya tsaya a bayan garin Bristol ya yi wa mutum wajen 3,000 wa'azi.

Mutane suka tuba. Nan take tambaya ta taso: ina za a kai su? Yawancinsu ba su san komai na Littafi Mai Tsarki ba, gidajen giyar da suka saba suna nan, abokan dā suna nan. Wesley ya fara tara su cikin zumunta-zumunta, suna haɗuwa a lokutan da ba su ci karo da sujadar majami'a ba, don bai yi niyyar kafa sabuwar ikkilisiya ba. Har ya mutu fasto ne na Angilikan. A watan Mayu na 1739 aka sa harsashin ɗakin taro a Bristol, wanda ake kira Sabon Ɗaki. A Landan kuma suka sami tsohuwar maƙerar igwa suka gyara. Amma zumuntar ta yi ta girma har ta kai ɗaruruwa, mutum ɗaya kuwa ba zai san halin ɗaruruwa ba.

Bashin da ya haifi aji

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Ginin Sabon Ɗaki ya bar bashi. Ranar 15 ga Fabrairu, 1742, aka zauna a Bristol ana shawarar yadda za a biya. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara kowane ɗan zumunta ya riƙa ba da peni ɗaya a mako, wato abin da kakanninmu suka sani da kwabo. Aka ce masa ai da yawa ba su da ko kwabon. Sai ya ce a haɗa shi da mutum 11 mafiya talauci, zai riƙa zagaya su kowane mako, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Waɗansu ma suka ɗauki irin wannan nauyi. Haka aka rarraba zumuntar kashi-kashi, mutum wajen 12 a kowane kashi, aka kira shi aji, mai zagayawa kuma shugaban aji.

Ba a daɗe ba masu karɓar kwabo suka fara dawowa da abin da ya fi kwabo. Wanda ya shiga gidan mutum kowane mako zai ga abin da mai wa'azi ba ya gani daga kan bagade. Wannan ya koma shan giya, wancan rigima ta hana gidansa zaman lafiya, wata kuma tana kwance ba mai duba ta. Da Wesley ya ji haka, ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan. Ya ce wa shugabannin su riƙa bincika zaman kowane mutum a ajinsu. Kafin ƙarshen watan Maris na shekarar, an kafa irin wannan tsari a Landan.

Da farko gida-gida ake bi. Sai aka ga yana cin lokaci, kuma da yawa barori ne a gidajen iyayengiji waɗanda ba sa son baƙi, ba a samun wurin magana a keɓe. Idan kuma mutum biyu sun sami saɓani, sai an haɗa su fuska da fuska kafin gaskiya ta fito. Saboda haka aka koma haɗuwa wuri ɗaya, sau ɗaya a mako, yawanci a ɗakin wani daga cikinsu.

Abin da ake yi a aji

Aji ba wurin wa'azi ba ne, wa'azi yana da nasa lokaci, har da na ƙarfe biyar na asuba kafin a tafi aiki. A aji, bayan waƙa da addu'a, shugaba yakan fara faɗin yadda makonsa ya kasance a gaban Allah, inda ya tsaya da inda ya yi tuntuɓe. Sa'an nan ya juya ga kowane mutum, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi lafiyar ransa. Gwargwadon amsar, sai ya ba da shawara, ko ya tsauta, ko ya ta'azantar. A karɓi kwabo, wanda bayan an biya bashin ya koma taimakon matalauta da hidimar zumunta. A rufe da addu'a. Kowane mako kuma shugabannin aji sukan zauna da mai wa'azi su gaya masa wanda ba shi da lafiya, da wanda ya kauce ya ƙi jin tsautawa.

Ku lura da abu ɗaya. A majami'a mutum yana iya zama a kujerar baya shekara goma ba wanda ya san abin da ke cin ransa. A ɗakin mutum 12 babu kujerar baya. Idan ba ka zo ba, an sani. Idan ka zo, za a kira sunanka.

Ga waɗanda suka riga suka sami tabbacin ceto suna son su ƙara zurfi, akwai wani rukuni ƙarami, wanda Wesley ya koyo daga 'yan'uwa na Morabiya. Tun 25 ga Disamba, 1738 ya rubuta ƙa'idodinsa. Maza dabam, mata dabam, masu aure dabam, marasa aure dabam, don a iya magana ba kunya. Tushensa Yaƙub 5:16 ne, inda aka ce mu riƙa bayyana wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a. Kowane mako akan tambayi mutum zunubin da ya san ya yi tun haɗuwar baya, da jarabar da ta same shi, da yadda ya kuɓuta, da abin da yake shakka ko zunubi ne ko ba zunubi ba. Shiga wannan rukuni ganin dama ne. Aji kuwa dole ne ga duk ɗan zumunta.

Ƙofa mai faɗi, hanya mai ƙa'ida

A 1743 John da ƙanensa Charles suka fitar da dokokin zumunta. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne tak: mutum ya kasance yana marmarin tsere wa hukunci mai zuwa, yana son a cece shi daga zunubansa. Ba a ce sai ya riga ya sami ceto ba, mutane da yawa ma a cikin ajin suka same shi. Amma wanda marmarinsa na gaske ne, za a gani a zamansa ta hanya uku: barin mugunta, yin alheri, da riƙe hanyoyin da Allah ya ba mu na samun alherinsa, wato sujada tare da jama'a, jin Maganar Allah, Jibin Ubangiji, addu'ar gida da ta kaɗaici, binciken Littafi Mai Tsarki, da azumi.

Dokokin sun kira abubuwa da sunansu. Sun hana buguwa da cinikin barasa, faɗa, kai ɗan'uwa ƙara kotu, sayen kayan fasa-ƙwauri ko sayar da su, da cin bashin da mutum ya san da wuya ya biya. Sun umarci ciyar da mayunwata da ziyartar marasa lafiya da 'yan kurkuku.

Kowane wata uku Wesley ko ɗaya daga cikin masu wa'azinsa yakan gana da 'yan zumunta ɗaya-ɗaya. Wanda aka ga yana tafiya daidai, a ba shi tikiti da sunansa a rubuce. Da tikitin ake shiga taron 'yan zumunta, ko a wani gari mutum ya je. Da yake ana sauya shi kowane wata uku, wanda ya ƙi gyaruwa ba a tozarta shi a gaban jama'a, sabon tikiti ne kawai ba ya samu.

A watan Maris na 1743 Wesley ya bincika zumuntar Newcastle, ya rubuta sakamakon a littafin tafiye-tafiyensa. An fitar da mutum 64. A cikinsu 17 saboda buguwa, 2 saboda sayar da barasa, 4 saboda zagi da ɓata suna, 3 saboda ƙarya, 3 saboda rigima, 2 saboda rantsuwa da la'ana, 2 saboda keta ranar Ubangiji, 1 saboda dukan matarsa, 1 saboda ragwanci. Kaso mafi girma, mutum 29, laifinsu sakaci ne da wasa da al'amarin Allah. A 1753 kuma, a garin St Ives na bakin teku, ya tarar kusan dukan 'yan zumunta suna cikin cinikin fasa-ƙwauri. Ya gaya musu su bari, in ba haka ba ba za su ƙara ganin fuskarsa ba.

Wani zai ce wannan ai tsanani ne. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda aka hana tikiti yana da damar zuwa jin wa'azi, akwai kuma taro na musamman domin waɗanda suka faɗi suna son dawowa. Tun a lokacin ma akwai masu gunaguni. Waɗansu suka ce ba su ga aji a Littafi Mai Tsarki ba, waɗansu suka ce suna jin kunyar magana a gaban mutane, waɗansu kuma suka ce shugabansu bai iya ba. Wesley bai ce aji doka ce daga sama ba. Ya ce dabara ce ta cika abin da Maganar Allah ta riga ta umarta, ya kuma tuna musu cewa ikkilisiyar farko ma takan keɓe sababbin masu bi ta koya musu kafin baftisma. Game da shugaban da bai iya ba, ya ce a gaya masa, za a sauya shi in an sami wanda ya fi shi.

Inda aka yi wa'azi babu aji

Sun gwada ɗaya hanyar ma. Akwai lokacin da suka yi ta wa'azi a waɗansu wurare ba tare da kafa zumunta ba, don su ga abin da zai faru. A babban taron masu wa'azi na 1748 suka duba sakamakon, suka tarar kusan duk irin ya faɗi a bakin hanya, da ƙyar ake ganin abin da ya tsira. Shuka ce a idon makwarwa.

A watan Agusta na 1763 Wesley ya ratsa yankin Pembrokeshire a ƙasar Wales, inda aka shafe shekara 20 ana wa'azi mai zafi amma ba a haɗa masu tuba cikin tsari ba. Ya rubuta cewa tara cikin goma na waɗanda suka taɓa farkawa sun koma barcin da ya fi na dā nauyi. A ganinsa, ko mutum ya yi wa'azi kamar manzo, in bai tara waɗanda suka farka ya rene su ba, 'ya'ya yake haifa wa mai kisa. Magana ce mai ɗaci daga bakin mutumin da aka ƙiyasta ya yi wa'azi sau 40,000. Ya san darajar wa'azi, ya kuma san iyakarsa.

Abin da aji ya haifar

Kowane mutum 12 suna bukatar shugaba, saboda haka dubban talakawa suka koyi kiwon rayuka: masaƙa, maƙera, magina, sojoji, matan gida. A 1761 wata shugabar aji mai suna Sarah Crosby ta je taro a garin Derby tana sa ran mutum wajen 30, sai ta tarar da kusan 200. Ba halin ta tambaye su ɗaya-ɗaya, sai ta miƙe ta yi musu gargaɗi gaba ɗaya, Wesley kuma bai hana ta ba. Francis Asbury, yaron da ke koyon aikin ƙarfe kusa da Birmingham, tun yana saurayi ya fara jagorar ƙaramin taro da wa'azi. A 1771, yana da shekara 26, ya haye zuwa Amurka, ya zama babban jagoran Metodis na ƙasar. Lokacin da Wesley ya rasu, ranar 2 ga Maris, 1791, 'yan zumunta sun haura 70,000 a Birtaniya da Ayalan, kowannensu da ajinsa da wanda ya san sunansa.

Ajin ya iso Afirka ta Yamma kafin mishan na Metodis ya iso. A 1792 baƙaƙen fata kusan 1,200, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta a Amurka suka zauna a Nova Scotia ta ƙasar Kanada, suka sauka a Saliyo suka kafa Freetown. Da yawa a cikinsu 'yan Metodis ne, suna da masu wa'azinsu, irin su Moses Wilkinson, wanda makaho ne kuma gurgu. Sai a 1811 ne mishan na Metodis, George Warren, ya iso daga Ingila. Shekara 19 ke nan waɗannan 'yan'uwa suna riƙe da junansu, ya kuwa tarar da zumunta a raye.

Yadda ajin ya yi sanyi

Bayan Wesley, a hankali abin ya canza. Jikokin masu haƙar kwal suka yi arziki, suka gina manyan majami'u, mai kuɗi kuwa ba ya son maƙwabcinsa talaka ya tambaye shi lafiyar ransa. A wurare da yawa amsoshin suka zama haddar da ake maimaitawa kowane mako, baki yana magana zuciya tana rufe. A Amurka, da fastoci suka daina yawo a kan doki suka zauna gari ɗaya, sai aikin shugaban aji ya koma hannun fasto. A 1866 Metodis na kudancin Amurka suka mai da zuwa aji ganin dama. A 1912 Metodis na Wesley a Birtaniya su ma suka cire shi daga sharuɗɗan zama ɗan ikkilisiya. Wa'azi ya ci gaba, waƙa ta ci gaba, makarantar Lahadi ta bunƙasa. Abin da ya ragu shi ne wurin da ake duban mutum a ido a tambaye shi yadda yake da Ubangiji.

Mu fa?

Ba sai mun buga tikiti ko mun karɓi kwabo ba. Zamanin Wesley dabam, namu dabam. Amma manufar ba ta tsufa. Manzo Bulus ya ce a Kolosiyawa 1:28 burin wahalarsa shi ne ya gabatar da kowane mutum cikakke cikin Kristi. Kowane mutum ya ce, ɗaya-ɗaya ke nan. Ibraniyawa 3:13 kuma ta ɗora wa dukanmu nauyin yi wa juna gargaɗi kullum, don kada yaudarar zunubi ta taurare zuciyar wani.

Muna da ajin baftisma, muna da nazarin Littafi Mai Tsarki, muna da ƙungiyar mawaƙa, duka suna da kyau. Amma mu tambayi kanmu: bayan an yi wa yarinya ko yaro baftisma, wa ke da nauyinsa? Wanda ya tafi makaranta a wani gari, ko bautar ƙasa, ko neman aiki a birni, hannun wa muka danƙa shi? Wanda caca ta waya ta cinye kuɗin makarantarsa, ko hotunan batsa suka ɗaure shi, ko wadda saurayi ke matsa mata, a wane zama za su iya buɗe baki kafin abin ya zama abin kunya a gaban dattawa? Sau da yawa sai magana ta kai ga horo muke jin labari, alhali bango ya daɗe da tsagewa.

Shawarata ga shugabannin zumunta ita ce ku zauna da fastonku da dattawa, ku raba sunayen 'yan zumunta kashi-kashi, kada kashi ya wuce yadda kowa zai sami damar magana cikin awa ɗaya. Ku zaɓi shugabanni saboda amincinsu da iya riƙe sirri, ko da ba su iya tsayawa gaban jama'a ba. Shugaba ya fara faɗin nasa kafin ya tambayi na wani, don wanda ya ɓoye ciwonsa ba za a nuna masa ciwo ba. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a zaman, gulma ɗaya ta isa ta rushe aikin shekara. In magana ta fi ƙarfin shugaba, ko ta shafi lafiyar wani, a kai ta wurin fasto. A yi tsautawa da tawali'u yadda Galatiyawa 6:1-2 ta koyar, kowa yana tuna cewa shi ma ana iya jarabtarsa. Kada kuma mu manta, zaman ba shi ke ceto ba. Yesu ne ya cece mu ta wurin alherinsa, Ruhu Mai Tsarki ne ke sa girma.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, kada ku jira sai kwamiti ya zauna. Kyaftin Foy bai kawo dogon tsari ba, cewa ya yi a ba shi mutum 11 da ba su da komai. Akwai wanda ka san ya daina zuwa sujada, kana da lambarsa, ka san ƙofar gidansu. Je ka gaishe shi a wannan mako, ka tambaye shi lafiyar ransa, ka zauna ka saurari amsar. Mako mai zuwa ka koma.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, Makiyayi mai kyau, kai da ka san tumakinka da sunansu, ka gafarta mana inda muka ƙirga taro muka manta da mutum. Ka ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna, da tawali'un karɓar gyara, har mu kai ga cikakken girma a cikinka. Cikin sunanka muka roƙa. Amin.